Dokar Kantunan Dabbobi A Amurka: An Kashe Maciji Ba A Sare Kansa Ba

Daga Wakilinmu

A ranar 15 ga watan Disamba na shekarar 2024 ne wata doka ta fara aiki a Jihar Niyok ta ƙasar Amurka, wadda ta haramta wa kantunan dabbobi sayar da karnuka da kyanwoyi da zomaye. Gwamnar jihar, Uwargida Kathy Hochul, ta sa wa dokar hannu tun cikin watan Disamba na 2022, sa'an nan aka ba masu kantuna wa'adin shekara biyu domin su kintsa. Abin da dokar ta bar wa mai kanti shi ne ya ba da fili a cikin kantinsa ga gidajen riƙon dabbobi da ƙungiyoyin ceton dabbobi, su kawo waɗanda suke hannunsu jama'a su gani, mai so ya ɗauka ya riƙa. An kuma yarje masa ya karɓi kuɗin hayar wannan fili. Da wannan mataki Niyok ta shiga sahun jihohin da suka riga ta, watau irin su Kalifoniya da Maryland da Illinois.

Mai karatu a ƙasarmu, inda aka fi sanin kare da gadi da farauta, yana iya mamakin yadda majalisar dokoki za ta ɓata lokacinta a kan kwikwiyo. Amma a Amurka sha'anin dabbobin da ake ajiyewa a gida don sha'awa babbar kasuwa ce. Ƙungiyar masu sana'ar kayan dabbobi ta ƙasar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kaɗai mutanen Amurka sun kashe dala biliyan 147 a kan abincin waɗannan dabbobi da magunguna da likitoci da sauran hidimominsu. Kwikwiyo guda na wani jinsi da ake yayi yakan kai dubban daloli a kanti. Inda kuɗi suka kai haka, lalle akwai masu rigima a kansu, kuma labarin wannan doka ya cancanci duk mai aikin tsara doka ko zartar da ita ya tsaya ya nazarce shi.

Kwikwiyon da ake gani cikin akwatin gilashi a kantin birni ba a nan aka haife shi ba. Yawanci daga manyan gonakin kiwon karnuka yake fitowa, waɗanda suka fi yawa a jihohin tsakiyar ƙasar kamar Missouri da Iowa da Ohio. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne wasu manoman wannan yanki suka shiga kiwon karnuka domin ƙarin abin masarufi, har sana'ar ta bunƙasa. Mai gona yakan sayar wa dillali, dillali ya tara 'yan kwikwiyo daga gonaki da yawa, ya loda su a manyan motoci suna da kamar mako takwas da haihuwa, a yi tafiyar ɗaruruwan mil da su zuwa kantuna. Mai saye bai ga uwar ba, bai kuma san halin da take ciki ba. Masu fafutukar kare dabbobi suna kiran mafi munin waɗannan gonaki da sunan masana'antar kwikwiyo, domin kuwa a cikinsu karya takan ƙare rayuwarta a keji tana haihuwa a kai a kai, har ranar da ta gaza.

Akwai dokar Tarayya a kan wannan sana'a wadda asalinta ya koma shekarar 1966, kuma Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ce take ba da lasin tana kuma tura masu duba gonaki. Sai dai ƙa'idojin ba su da tsauri. Ma'aunin keji, alal misali, shi ne a auna tsawon kare daga hanci zuwa gindin wutsiya a ƙara inci 6, wannan ya zama tsawo da faɗin wurin zamansa, sa'an nan a bar inci 6 a bisa kansa. Mai karnuka mata huɗu ko ƙasa da haka ba ya ma bukatar lasin. Bugu da ƙari, a shekarar 2010 Babban Sufeton ma'aikatar da kansa ya fitar da rahoton da ya nuna cewa ba a hukunta masu karya ƙa'ida yadda ya kamata. A Jihar Missouri jama'a sun kaɗa ƙuri'a a watan Nuwamba na 2010 suka amince da dokar da ta hana mutum guda ajiye karnukan haihuwa fiye da 50, amma kafin shekara ta zagayo majalisar jihar ta soke wannan iyaka a 2011. Wannan ne ya sa masu fafutuka suka ga cewa tun da gonar ta fi ƙarfinsu, bari su koma wa kasuwar da take ciyar da ita.

Hujjarsu ta biyu ita ce cunkoson gidajen riƙon dabbobi. Waɗannan gidaje, wasu na ƙananan hukumomi wasu na ƙungiyoyin sa kai, su ne suke karɓar dabbar da ta ɓace ko wadda mai ita ya gaji da ita, kuma idan wuri ya cika ba a sami mai ɗauka ba, sai a kashe ta da allura. Ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka, wadda aka fi sani da ASPCA, ta ƙiyasta cewa a wajen shekarar 2019 karnuka da kyanwoyi kimanin miliyan 6.3 ne suke shiga irin waɗannan gidaje a shekara, ana kashe kamar 920,000 daga cikinsu. Tambayar da suke yi ita ce, don me za a riƙa ƙyanƙyashe sababbi ana lodowa alhali ana kashe waɗanda suke ƙasa? Hujja ta uku kuwa ta shafi lafiyar ɗan Adam. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoto a 2018 cewa mutum 118 a jihohi 18 sun kamu da wata cutar gudawa mai bijire wa magani wadda aka gano asalinta ga 'yan kwikwiyon kantuna, 29 daga cikinsu ma'aikatan kantunan ne. Da aka binciki takardun 'yan kwikwiyo 149, sai aka tarar an ɗura wa 142 magungunan kashe ƙwayoyin cuta, sau da yawa don rigakafi kawai.

Birane ne suka fara. Albuquerque ta Jihar New Mexico ta hana wannan ciniki a 2006, Los Angeles ta bi sahu a 2012, Shikago kuma a 2014. Kalifoniya ce jiha ta farko da ta mai da shi dokar jiha baki ɗaya. Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a watan Oktoba na 2017, dokar ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2019. Ta ce mai kanti yana iya ci gaba da sayar da kare ko kyanwa ko zomo, amma da sharaɗin ya samo shi daga gidan riƙon dabbobi ko ƙungiyar ceto wadda ba ta neman riba. Aka wajabta masa liƙa sunan inda ya samo dabbar a jikin kejinta, aka kuma yanke tarar dala 500 a kan kowace dabba da aka karya doka a kanta.

A nan ne gizo yake saƙar. Dokar ta rataya komai a kan kalma guda, watau "ceto", alhali kuwa samun takardar rajistar ƙungiya mara neman riba a Amurka ba wani abu ne mai wuya ba. Tun kafin dokar Kalifoniya ta fara aiki, jaridar Chicago Tribune ta buga wani bincike a 2018 wanda ya nuna cewa kantunan Shikago suna nan suna sayar da 'yan kwikwiyo masu tsada na zaɓaɓɓun jinsi, amma yanzu da sunan waɗanda aka ceto. Da aka bi sawun takardu sai aka ga ƙungiyoyin da suke turo su daga Iowa da Missouri suna da alaƙa da dillalan karnuka. Kwikwiyon da ma za a sayar shi ne, motar ita ce, kantin shi ne, sai dai an sa wata takarda a tsakani. A watan Maris na 2019 Babban Lauyan Jihar Iowa, Mista Tom Miller, ya shigar da ƙara a kan wani kamfanin dillanci da ƙungiyoyi biyu masu suna Hobo K9 Rescue da Rescue Pets Iowa, yana zarginsu da wanke asalin 'yan kwikwiyo fiye da dubu ɗaya zuwa kantunan wasu jihohi, ciki har da Kalifoniya da Illinois. A 2020 aka sasanta, aka rushe ƙungiyoyin biyu, aka kuma biya jihar dala 60,000. Idan aka dubi abin da kwikwiyo guda yake kawowa a kanti, wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba.

Kuskuren masu tsara dokar ta farko a fili yake. Sun bar wa mai kanti ribarsa yadda take, suka ce masa kurum ya sake inda yake saro kaya. To, kare ɗan shekara biyar da aka tsinto a titi ba zai yi kuɗin da kwikwiyo ɗan mako takwas yake yi ba, kuma duk ɗan kasuwar da aka bar masa hanyar riba a buɗe zai nemi takardar da za ta kai shi gare ta. Saboda haka majalisar Kalifoniya ta koma kan dokar. A watan Satumba na 2020 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a kan gyaran da ake kira Dokar Bella, wanda aka raɗa masa sunan wata 'yar kwikwiyo da aka sayar a wani kanti da sunan ceto. Daga 1 ga Janairu, 2021, aka hana mai kanti sayarwa kwata-kwata. Fili kawai zai bayar, ba zai karɓi ko anini daga cinikin ba, dole a yi wa dabbar aikin hana haihuwa kafin a nuna ta, kuma abin da mai ɗauka zai biya ƙungiyar kada ya wuce dala 500. Da aka cire riba, sai ƙungiyoyin jabu suka rasa dalilin zama. Illinois, wadda Gwamna J.B. Pritzker ya sa wa tata dokar hannu a 2021, ta ɗauki darasi, ta fayyace cewa ƙungiyar da take da alaƙa da mai kiwo ko dillali ba ta cikin waɗanda kanti zai karɓi dabba a hannunsu.

Ya kamata a faɗi a nan cewa sunan ceto, ko a wajen ƙungiyoyin gaskiya, ba shi ne shaidar tsarki ba. Jaridar Washington Post ta ba da labari a 2018 cewa wasu masu ceto sukan je kasuwar gwanjon karnuka a Missouri su saye su da tsada domin su kuɓutar da su, har ta ƙididdige ƙungiyoyi 86 da suka kashe dala miliyan 2.68 a kan karnuka 5,761 tun daga 2009. Niyya mai kyau ce, amma kuɗin aljihun mai kiwo suke shiga, shi kuwa ya ƙara sayo wasu matan. Haka kuma an sami karnuka masu ciwon hauka da ƙungiyoyin ceto suka shigo da su daga Masar, abin da yana cikin dalilan da suka sa a watan Yuli na 2021 Amurka ta dakatar da shigo da karnuka na wani lokaci daga ƙasashe fiye da 100, ciki har da Nijeriya. Tun daga watan Agusta na 2024 sababbin ƙa'idoji suka maye gurbin wannan dakatarwa.

Masu kantuna ba su zauna sun naɗe hannu ba. Sun je kotu suna cewa tsarin mulkin Amurka ya hana jiha ko birni tauye ciniki tsakanin jihohi, kuma tun da yawancin karnukan daga wasu jihohi suke zuwa, dokar wariya ce ga masu kiwo na waje. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya mai zama a Shikago ta yi watsi da wannan hujja a 2017, tana mai cewa dokar birnin ba ta bambanta mai kiwo na gida da na waje ba. Ƙarar da aka kai a kan dokar Maryland, wadda ta fara aiki a 2020, ita ma ba ta yi nasara ba. Da kotu ta gagara sai suka juya ga majalisun jihohin da suke da masu saurarensu. A 2016 jihohin Arizona da Ohio suka yi dokokin da suka ƙwace wa birane ikon hana wannan ciniki, Indiana ma ta yi haka a 2024. Ta haka aka wayi gari abin da yake laifi a Illinois halal ne a maƙwabciyarta Indiana, tafiyar ƙasa da sa'a guda daga Shikago. Wanda ya san yadda iko yake rarrabe tsakanin Tarayya da jiha da ƙaramar hukuma ba zai yi mamakin wannan ba.

Ba duk maganar masu adawa ce ta son kai ba. Suna cewa gidajen riƙo sun fi cika da manyan karnuka waɗanda ba a san tarihinsu ba, alhali iyali mai ƙananan yara ko mai zama a ɗan ƙaramin gidan haya yana neman kwikwiyo ne na jinsin da aka san girmansa da halinsa. Suna kuma cewa kanti yana da adireshi, mai duba gari yana iya shiga, wanda aka cuta yana da inda zai kai kuka, amma idan aka rufe shi mai saye zai faɗa hannun mutanen da ba a san inda suke ba. Ɗaya ɓangaren yakan amsa da cewa dokar ba ta hana kowa zuwa wajen mai kiwo ya saya kai tsaye ba, kuma manyan kamfanonin kantunan dabbobi biyu na ƙasar, PetSmart da Petco, sun daɗe ba sa sayar da karnuka da kyanwoyi, suna cin ribarsu daga abinci da kayan hidima, suna kuma ba ƙungiyoyin ceto fili. Wannan amsa ta warware batun ko kanti zai rayu. Batun inda mai saye zai nufa kuwa, abin da ya faru a Kalifoniya ya nuna cewa tsoron masu adawa yana da tushe.

A watan Satumba na 2024 jaridar Los Angeles Times ta buga sakamakon wani dogon bincike wanda ya nuna cewa motocin 'yan kwikwiyo ba su daina shigowa jihar daga tsakiyar ƙasar ba. Abin da ya sake shi ne masu karɓarsu. Maimakon kantuna, sai wasu 'yan tsakiya suke saukewa a gidaje da rumbunan ajiya, su yi talla a intanet da sunan su ƙananan masu kiwo ne na cikin gari, wasu da sunayen ƙarya, a haɗu da mai saye a bakin titi ko wurin ajiye motoci. Wani abin takaici da binciken ya tono shi ne cewa takardun shaidar lafiya da likitocin dabbobi suke cikewa ga kowane kare da zai tsallaka iyakar jiha, waɗanda da su ne za a iya bin sawun cinikin, suna isa Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona ta jihar amma ana zubar da su, domin a cewar ma'aikatar doka ba ita ta ɗora wa alhakin karɓarsu ba. Shekaru biyar ke nan ana alfahari da doka, alhali shaidar da za ta nuna ko tana aiki tana tafiya kwandon shara.

Game da rage kisan dabbobi a gidajen riƙo, gaskiya ita ce adadin yana sauka tun da daɗewa kafin waɗannan dokoki. Ƙiyasin ASPCA na shekarar 2011 ya kai miliyan 2.6, ya sauko ƙasa da miliyan ɗaya a 2019, shekarar da dokar jiha ta farko ta fara aiki ke nan. Abin da ya fi jawo wannan sauƙi shi ne yaɗuwar dandaƙa da aikin hana haihuwa, da ɗan na'urar shaida da ake sa wa dabba a ƙarƙashin fata don a gane mai ita, da kuma wayar da kan jama'a su riƙa ɗauka daga gidajen riƙo. Da ma can kaso kaɗan ne na karnukan Amurka suke fitowa daga kantuna. Saboda haka wanda ya ce dokar kanti ce za ta kwashe cunkoson gidajen riƙo ya ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Amfaninta na haƙiƙa shi ne ta kawar da sayen ganin ido, inda mutum zai shiga kanti sayen abincin kifi ya fito da kwikwiyo da bashi mai nauyin ruwa, ta kuma rage wa manyan gonaki wata kasuwa mai sauƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma bai kai abin da aka yi alkawari ba.

Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanya dabam. A Ingila dokar da ake kira Dokar Lucy, wadda ta fara aiki ran 6 ga Afrilu, 2020, ta hana duk wani ɗan tsakiya, kanti ne ko dillali, sayar da kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai wata shida ba. Mai so sai ya je wajen wanda ya yi kiwon, inda ƙa'ida ta ce a nuna masa kwikwiyon tare da uwarsa, ko kuwa ya je gidan riƙo. Ita Lucy wata karya ce da aka ceto daga wata gonar kiwo a yankin Wales a 2013. Faransa ta hana sayar da karnuka da kyanwoyi a kantuna daga 1 ga Janairu, 2024. Jihar Victoria ta ƙasar Ostireliya ce ta haɗa matakan biyu wuri guda a dokarta ta 2017, inda ta tilasta wa kantuna samo dabbobi daga gidajen riƙo daga watan Yuli na 2018, sa'an nan ta koma gonar kanta ta ce mai kiwo ba zai ajiye mata masu haihuwa fiye da 10 ba sai da izinin minista, ko da izinin ma kada su wuce 50. Jihar Amurka ba ta da irin wannan dama a kan gonar da take wata jiha, kuma nan ne babban rauninta yake, domin majalisar Kalifoniya ba ta da ta cewa a kan kejin da yake Missouri.

Abin da ya rage mata shi ne iyakarta da 'yan tsakiyar da suke cikinta. A watan Oktoba na 2025 Gwamna Newsom ya sake sa hannu a kan wasu dokoki uku, karo na uku ke nan da jihar take taɓa wannan al'amari cikin shekara takwas. Ɗaya ta hana dillalai sayar da 'yan kwikwiyo da kyanwoyi da zomayen da wani ya yi kiwonsu, ɗaya ta wajabta wa mai sayarwa bayyana asalin dabbar da tarihin lafiyarta ga mai saye, ta uku kuma ta ce dole a aika wa Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona takardar shaidar lafiyar kowane kare da aka shigo da shi don sayarwa, ita kuma ta adana ta. A ranar 1 ga Janairu, 2026 aka tsara su fara aiki.